Larabar da Ta Tsare Leɓen Rabi

Salaga

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar Salaga, ni da 'yata Rabi mai shekara sha uku. Tun haihuwa take da kumburi shuɗi-shuɗi a leɓen ƙasa, in ta yi sujada sai ya cika ya hau zogi. An ce likitocin baki da fuska sun sauka wani asibiti a Bawku. Ni wanzami ne ɗan wanzami, kai kumburi asibiti abin kunya ne a gidanmu, amma uwarta ta hana ni sakat.

Yendi

Ta Bimbila muka bi. Sha ɗaya da rabi muna gidan yayana Alhaji Sule, wanda ya koya mini riƙon aska. Ya danna leɓen ya lotsa, ya saki ya sake cika.

"Mataccen jini ne. Tsaga biyu, a kafa ƙaho, an gama."

Wallahi na yarda. Har ya jawo zabira, sai ya dakata. "Yau wace rana?"

"Laraba, Yaya."

"Kash! Ba a zub da jini ran Laraba, gobe kuma ina da askin suna a ƙauye. Ku je dokta ya gaji, ku dawo."

Bawku

Alhamis ƙarfe shida muka ɗauki hanyar Tamale, Walewale, Zebilla. Shingen soja huɗu muka wuce, sai la'asar sakaliya muka shiga gari.

Da safe wata likita ta ɗora na'urar hoto a leɓen, ta nuna mini jijiyoyin jini a cukurkuɗe kamar zaren da kaza ta shiga. Na ba ta labarin ƙaho ina dariya. Ita ba ta yi ba.

"Baba, da kun tsaga, jinin nan ba lalle ya tsaya ba kafin ku kai asibiti."

Allura ta yi cikin jijiyoyin don su ƙafe, ta ce leɓen zai ƙara kumbura kafin ya saɓe, mu dawo sau biyu.

Gida

A Yendi na faɗa wa Yaya. Ya kalli tafin hannunsa, ya ce, "Allah ne Ya riƙe hannun nan."

Litinin da azahar muka shiga Salaga, leɓen ya fara saɓewa. Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan, na gode wa uwar Rabi da nacinta. Tana ta sa mini albarka wai na ji maganarta, ni kuwa har yau na kasa gaya mata abin da na yarda da shi a Yendi.