Tsanin Baba a Bangon Falo

Gwaggo ta tsufa a kan keken ɗinki, kuma abu biyu aka san ta da su a unguwa: kyan aiki da rashin haɗiye magana. Sunan gidansu Mai Tsani. Ubanta ne ya jawo musu shi, don mai gyaran rufin kwano ne, ya ƙera tsani da hannunsa ya jingine a ƙofar gida. Dokarsa guda ce: mai bukata ya ɗauka ko sallama ba sai ya yi ba, in ya gama ya maido. Da aka kai 'ya'yansa makaranta, malami ya tambayi sunan uba, 'yan aji suka amsa baki ɗaya, Mai Tsani. Shi ke nan ya bi su har jikoki.

Ɗan ƙanenta, wanda ta goya a bayanta, ya zama manaja, sai sunan ya fara yi masa ƙaiƙayi. Ya shiga bin dangi da tambayar asali, ya zaga kowa ya tsallake Gwaggo, don ya san abin da zai ji. Can sai ga shi da labari: wai kakan kakansu jarumi ne da ya kafa tsani ya haura katangar abokan gaba. Ya aiko aka ɗauke tsanin, wai za a gyara. Ga damina ta kama, maƙwabta suna zuwa ƙofar gida suna komawa hannu rabbana.

Ranar da ya tara dangi da abokan aiki, Gwaggo ta shiga falonsa ta tarar da tsanin rataye a bango, an shafe shi da fenti mai sheƙi, har da fitila a samansa. Ranta ya ɓaci. Ta matsa tana neman matakin da ya karye ranar da Baba ya faɗo daga rufin maƙwabci, matakin da ya ɗaure da waya ya ci gaba da hawa yana ɗingishi har ƙarshen ransa. An cire shi, an sa sabon katako.

"Ina wayar?" in ji ta.

"Haba Gwaggo, muni ta yi, an yar. Kayan tarihi ne fa."

"Tarihin wa? Mutumin da ya ciyar da ubanka da gurguwar ƙafa, shi kake jin kunyar faɗa a gaban baƙi? Baba bai yaƙi kowa ba sai ruwan sama. Kai da ko ƙwan fitila sai an kira maka mai gyara, kai ne jikan jarumi?"

Manaja ya yi dariyar yaƙe, ya ce wa baƙi tsufa ne. Gwaggo ba ta kula shi ba, ta kama ƙafar tsanin tana ja, har ƙannenta biyu suka ji kunya suka tashi suka sauke mata.

Washegari tsanin ya koma ƙofar gida. Wani kafinta maƙwabcinsu ne ya fara ɗauka, ya maido shi kaca-kaca da laka, Gwaggo ta ji sanyi a ranta. Da ya ga tana shafa sabon matakin, sai ya ce, "Gwaggo, ko in samo waya in naɗa, ya koma kamar da?"

Ta girgiza kai. "Bar shi haka, ɗana. Ƙaryar da aka yi masa ta isa. Mai ɗaura waccan wayar ya riga ya tafi."