Giyabos Ɗin da Ya Zo a Giya ta Shida

Wa ya tsayar da motar nan a gefen titi? Na tambayi makanikai, na tambayi malamai, har yau babu wanda ya ba ni amsa. Ban yi karatu ba, 'yata ce take rubuta abin da nake faɗa, don ku da kuke aiki a garejin Malam yanzu ku ji daga bakina. Ranar ba ta taɓa fita daga raina ba.

Mijina, Malam, gyaran giya ne aikinsa, a bakin titin Kaduna wajen Maje. Ba ya ɗaura wa mota giyabos, wato akwatin giya, sai ya saurare shi. Yakan ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin ƙarfen, ya manna kunnensa a gindinta, wani yana juya sandar ciki. Da hannunsa na dama ya raunana, ni na karɓi juyawar. Da safe in dafa abinci, da rana in tsuguna kusa da shi.

Da damina wani saurayi, Injiniya Faruk, mutumin Kano mai aiki a Abuja, yana haya a Bagama, ya kawo motarsa mai ƙofa biyu. An ƙara wa injinta ƙarfi har ta kakkarya haƙoran giyarta. Yana son irin giyabos na motocin tsere. Malam ya bayyana mini cewa shi wannan ba a kai sandar sauya giyarsa hagu ko dama. Ka ja baya ya hau ɗaya, ka tura gaba ya sauka ɗaya. Ba ya tsallake. Duk wanda ya hau ta shida, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya dawo firi, inda babu giya.

Zaɓi biyu ne. Ko a yi odar sabo daga waje a jira watanni, ko a ɗauki wani tokumbo, wato na hannu, da ya riga ya iso daga Legas. Malam ya ce a jira sabo, a kuma tabbatar zai iya ɗaukar ƙarfin injin. Injiniya ya ce, "Baba, ni dai na gaji da hawa tasi. A kawo na Legas mu gani."

Da aka kawo aka buɗe akwatin, Malam ya taɓa giyabos ɗin. Ya ce, "A giya ta shida yake. Wanda ya tuƙa shi ƙarshe bai sauko ba."

Injiniya ya yi dariya. "Haba Baba, ƙarfe ne fa. Wataƙila masu cirewa ne suka yi wasa da shi."

Malam ya saukar da shi har firi, ya kafa kunne, na fara juyawa. Haƙoransa miƙaƙƙu ne, don haka an ce dole ya yi ƙara. Amma ni ba ƙara na ji ba. Ji na yi sandar tana jan hannuna, kamar wani yana taya ni daga ciki. Na saki. Ta ci gaba da juyawa.

Washegari muka same shi a ta ɗaya. Malam ya mayar da shi firi, ya kulle shagon, makullin yana aljihunsa. Da muka dawo daga sallar azahar muka same shi a ta biyu. Ya gaya wa Injiniya gaskiya, ya ce ba zai ɗaura ba. Injiniya ya ce to zai kai wa wani a Abuja. Malam ya daɗe yana kallonsa, sa'an ɗanmu ne da ya rasu. Sai ya ce zai ɗaura, amma shi zai fara kai motar Diko ya dawo.

Bayan ya ɗaura, da hantsi ya fita. Ina tsaye a bakin gareji ina jin kukan motar yana hawa, yana hawa, har ya ɓace.

An same ta gaba da Diko, an ajiye ta tsaf a gefen titi, babu ƙwarzane, babu alamar birki a kwalta. Malam yana zaune, hannuwansa biyu a cinya, idonsa a rufe. Giya tana ta shida. Likita ya ce zuciya ce. Allah Ya jiƙansa, na yarda da ƙaddara, amma kuka bai bar ni ba.

Ranar uku Injiniya ya zo gaisuwa, ya nemi makullin motarsa. Na ce sai an cire giyabos ɗin a gabana. Bai yi musu ba. Ya yi odar sabo, ya jira, yanzu yana da 'ya'ya. Wancan giyabos ɗin kuwa shi ne a ƙarƙashin tamfol bayan shago. Kada ku sayar, kada ku taɓa sandarsa. Kuma duk kayan da aka kawo muku, ku tambayi inda ya fito, da yadda aka rabu da shi.

Na hana makullin ne saboda abin da Malam ya faɗa mini ta taga, injin yana kunne, yana murmushi kamar zai je kasuwa:

"Ladi, ki saurara. In kin ji na hau ban sauko ba, kada ki bar yaron nan ya shiga."