Allurar da Ke Gaban Kamyo

Shekarata goma sha ɗaya ina jinya a Arlit lokacin da na koma ƙaro karatu. Malamarmu ta raba mana mujallar ma'aikatan jinya, ta ce kowa ya zaɓi maƙala ɗaya ya feɗe ta: me marubutan suka nema, ta wace hanya, ina suka yi rauni. Na zaɓi wadda ke magana kan koyar da majinyaci, don na ɗauka nan ne fagena. Ni da bakina ba ya hutawa daga safe har la'asar, wa zai koya mini bayani?

Na zauna da jan biro ina farautar kuskure. Na samu ɗaya, har na ji daɗi: duk majinyatansu masu karatu ne, masu firijo a gida. Sai na iso inda suke cewa gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce, a roƙi majinyaci ya nuna da hannunsa yadda zai yi in ya koma gida. Na maimaita wurin sau uku. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Mutanen da ba su taɓa taka Arlit ba, ya aka yi suka san “to, Malama” ɗin da nake ji kullum?

Akwai wani dattijo mai ciwon sukari, direban kamyo, wato babbar mota, da ke kai ruwa Cibarakaten. Wata shida yana yi wa kansa allura, sukarin ya ƙi sauka, idonsa ya fara hazo. In ido ya tafi, tuƙi ya ƙare, kuma shi ke ciyar da gida. Na riga na yanke masa hukunci: shayi yake sha da sukari, yana ɓoye mini. Na sha yi masa faɗa a gaban mutane, yana sunkuyar da kai.

Da ya dawo ranar Litinin, na danne bakina, na ce, “Baba, yau kai za ka koya mini. Nuna mini yadda kake yi.”

Ya yi allurar tsaf, ko ni iyakata ke nan. Na ce, “Ina kake ajiye ta?”

Ya kai ni waje inda kamyonsa yake. Ya buɗe ɗan akwatin gaban mota, inda direba ke sa abin da ya fi daraja. Ga takardun mota, ga carbi, ga kwalbar maganin a naɗe cikin farin ƙyalle mai tsabta. Na taɓa ta, ɗumi kamar an sauke daga wuta. Wata shida yana tsira wa kansa maganin da zafin rana ya kashe.

Na ce, “Baba, ban ce a sa a firijo ba?”

“Kin ce, ƴata. Ba ni da shi, sai na ba shi wuri mafi kyau.”

Da na gaya masa sanyi maganin ke so, bai ɓata lokaci ba. Ya nuna salkar ruwan da ke rataye a gefen kamyo, ya ce zai ɗinka masa aljihu a jikinta, iska na bugawa yana sanyi. Na tsaya baki buɗe. Wannan dabarar ba ta cikin mujallar, ba ta cikin kaina.

Kunya ta rufe ni. Na ce ya yafe mini faɗan shayi. Ya yi murmushi, ya ce, “Shayi ai na bar shi tun ranar farko. Ke ce ba ki tambaya ba.”