Jikan da Tela Bai Auna Ba

Ranar da ɗan Tela ya ce zai zo, tun da safe hadari ya haɗu, kafin azahar ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Ina zaune a shagon Tela, domin rumfata ta gyaran takalma tana jikin nasa, kuma yoyo take yi.

Tun muna da baƙin gashi nake maƙwabtaka da shi. Ƙa'idarsa ɗaya ce a ɗinki: ba ya naɗe bakin wando sai mai shi ya tsaya a gabansa ya gan shi da idonsa. Ko aiko masa da awo aka yi, sai ya ce tsayin mutum ba a aika shi.

Da ɗansa ya samu aiki a wani birni mai nisa, Tela ya ƙi. Yaron ya ce, "Baba, a jirgi awa ɗaya ce fa. Kafin ka gama hannun riga na iso." Da wannan maganar ya yarda. Da ita kuma aka yi ta cin amanarsa. Wanda yake ganin gida nesa, shiri yake yi ya zo. Shi wannan da yake ganinsa kusa, kullum sai wata mai zuwa.

Aka haifa wa ɗan nasa ɗa a can. Tela ya yanka wa jikan wando ya rataye, baki a sake. Yaro ya girma a waya, Tela ya cire wandon ya yanka wani. Ana haka idonsa ya fara hazo, har ni nake zura masa zare. Likita ya ce hasken da ya rage kaɗan ne. Abin da yake so bai wuce ya ga fuskar yaron nan ba.

To, a ranar ruwan nan wayar ta yi ƙara.

"Baba, an soke tashin jirgi. Sai dai wani lokaci."

"Babu komai, Allah ya kai mu," in ji Tela.

Ni ba mai yawan magana ba ne, amma na fizge wayar.

"Kai, motoci ma an soke su ne?"

"Haba Kawu, kwana a hanya da ƙaramin yaro? Ga jirgi, awa ɗaya?"

"Awa ɗayan nan taku tun kafin a haifi yaron ake jiranta! Uwarka da cikinka a bayan motar kaya ta je ganin tata uwar, ba ta narke ba. Kai gishiri ne?"

Tela ya karɓe wayarsa yana cewa, "Mai takalmi, ka bar min yaro, aiki ne ya yi masa yawa." Wannan ya fi komai ƙona min rai. Har yau in na tuna, guduma nake ajiyewa.

Sun zo da wata damina ta zagayo, a jirgin. Tela ya sa aka tsayar da jikan a bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe yana kallon wajen, sannan ya tambaye ni a hankali ko yaron yana tsaye.

Yanzu Tela yana gidan wata 'yarsa, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Mai gyaran waya ne a shagon.