Wa Ya Ɗaure Ƙafar Kaka?

Damagaram zuwa Maraɗi

Ranar Talata ƙarfe biyar da rabi na asuba motarmu ta bar Damagaram. Shekara talatin da ɗaya ina aikin jinya, kuma duk ɗalibar da ta tambaye ni mafarin abin, amsa ɗaya nake ba ta: ina 'yar shekara shida kakarmu ta sare ƙafa da gatari a Jiratawa, na yage kallabina na ɗaure mata. Da yayana Sanusi ya ji zan ba da labarin a walimar ajiye aikina, ya yi dariya a waya har da tari.

"Rabi, ki zo ki tambayi Gwaggo Dije kafin ki kunyata mu."

A Tasawa jandarma ya duba takardunmu, na sayi ƙosai mai zafi. Sha ɗaya saura kwata muka shiga Maraɗi, ɗan kabu-kabu ya kai ni gidan Sanusi a Sabon Gari. Na ci tuwon gero da miyar kuka, na lallashi Sanusi ya faɗa mini gaskiyar labarin har bayan la'asar, ya ce bakinsa da goro.

Jiratawa

Laraba ƙarfe takwas na kama hanya, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Gidan da nake tunawa kamar fada, taku goma na yi na ƙure tsakar gidansa. Na tarar da Gwaggo, ƙanwar babanmu, tana tsinke zogale. Bayan gaisuwa na kawo zancen.

"Ke? Ɗiyata, ke da kika ga jini kika hwaɗi sumamma? Sai da muka bar mai ciwo muka koma yayyafa miki ruwa! Kuma lauje ne, ba gatari ba. Hadizata ta ɗaure, da zanen goyo."

Na yi dariya tare da ita. Na ga kallabin nan a idona shekara hamsin, ja mai ɗigon fari. Ashe ɗalibai nawa na yi wa ƙarya ban sani ba?

Tsibiri

Da azahar na ratsa Maraɗi na wuce Tsibiri, inda Hadiza, ɗiyar Gwaggo kuma taubashiyata, ke sana'ar man gyaɗa. Tana ganina ta tafa hannu.

"Ga likita mai suma!"

"Ke dai faɗa mini gaskiya, da gaske ke kika ɗaure?"

"Ni mana, har na yi kulli biyu. Amma Inna ba ta ƙarasa miki ba. Washegari wa ya ɗauko ruwan ɗumi da gishiri? Ni na gudu, wari ya kore ni. Ke kika riƙa wanke ciwon kullum da safe, ido a runtse, kina kuka kina wankewa, har ya warke. Kaka ta ce ba mai taɓa mata ƙafa sai 'yar matsoraciyar nan."

Wallahi ban tuna ko safiya ɗaya ba. Na zauna bisa turmi, ita kuwa ta cika mini leda da ƙuli-ƙuli tana cewa ladan suma ne.

Komawa gida

Alhamis ƙarfe shida na bar Maraɗi, Sanusi na ɗaga mini hannu yana ƙyaƙyata dariya. Kafin azahar ina ɗakina.

Ranar walima na ba da labarin yadda Gwaggo da Hadiza suka ba ni, da sumar da komai. Aka sha dariya. Da taro ya watse, wata ɗaliba ta biyo ni bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Madam, ni ma satin jiya na faɗi a ɗakin haihuwa. Na riga na haɗa kayana zan koma ƙauyenmu."

Na ce, "Je ki kwance su. Gobe ƙarfe bakwai ki koma, ko da ido a runtse."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Gwaggo da Hadiza, Allah ya bar zumunci. Sanusi kuma, na yafe.