Ranar da awon anko ya ɓace a kwamfutar Inna

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da samun aikin ofis a Parakou ba, na ɗauki tsohuwar kwamfutata na kai wa mahaifiyata can garin Djougou. Tela ce, ɗinkin mata take yi a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Da can a guntayen takardu take rubuta awon mutane ta soke a ƙusa, iska ta ɗauke wasu, damina ta cinye wasu. Na zaunar da ita na koya mata tablo, shafin nan mai layuka da gidaje: suna a nan, kafaɗa a nan, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu. Ta sha wuya da farko, amma Inna ba ta son a ce abu ya gagare ta. Na dawo Parakou ina hura hanci, wai na shigar da gidanmu zamani.

Sai aka kawo mata babban aiki, ankon bikin wani gidan 'yan kasuwa. Mata ne tuli, wasu daga Cotonou suka zo aka auna su suka koma, wasu daga Niamey. Shaddar mai tsada ce, kuma daidai aka kawo ta, babu rara. Ka yanka ba daidai ba, shi ke nan. Duk awon kuwa yana cikin tablo.

Biki ya matso, ina ofis da hantsi, wayata ta yi ƙara. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Ɗan nan, awon mutane ya tafi."

"Ya tafi ina, Inna?"

"In na sani zan kira ka? Na taɓa inda nake taɓawa kullum, babu komai. Hoton masallacin nan na fuskar kwamfutar kawai nake gani."

Ni kuwa gwani, sai na gyara murya na ce ta kashe ta kunna. Ta yi, babu labari. Na ce to wataƙila cuta ce ta shiga kwamfutar. Allah ya sani ba abin da na bincika, bakina ne kawai ya ga bai kamata ya yi shiru ba. Na ji numfashinta ya canza. Ta ce da wane ido za ta kalli uwar amarya? Ta kira matan mutane ɗaya bayan ɗaya ta ce su sake faɗa mata faɗin ƙugunsu a waya? Tun kafin a haife ni take ɗinki a garin nan, ba a taɓa cewa ta watsar da amanar kowa ba. Ta kashe wayar.

Bayan la'asar na koma ɗakina a unguwar Kpébié, na tarar da ita zaune a bakin ƙofa. Ta rufe shago, ta hau mota daga Djougou, ta hau zem, wato ɗan acaɓa, daga tasha, kwamfutar a naɗe cikin zane a cinyarta. Ko ruwa ta ƙi sha. Gaskiya ban taɓa ganin Inna a firgice haka ba.

Na kunna, na buɗe tablon. Babu komai, kamar yadda ta faɗa. Ina cikin laluben banza sai idona ya kai can ƙasa a kusurwa, ga wani ɗan siririn abu a maƙale, bai kai tsinken ashana ba, rabinsa ma ya fita daga allon. Na danna shi sau biyu. Sai ga tablo ya cika allon fal, suna da awo, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Inna ta ce, "Alhamdulillahi," a hankali, hawaye na zubo mata. Ban gama sauke ajiyar zuciya ba na ji tafin hannunta a kan fuskata.

"Kau da kanka. Awon matan mutane ne."

Na kau da kai ina dariya. Da ta natsu ta sha ruwa, na ce ta nuna mini yadda take rufewa in ta tashi daga aiki. Ta kama gefen shafin ta ja shi ciki, ta kama ƙasa ta ja sama, ta sake ja, har ya koma ɗan mitsitsi, ta tura shi kusurwa, sannan ta rufe. Na ce Inna wa ya koya miki wannan? Ta kalle ni kamar na yi tambayar wauta. Ta ce wa yake barin kaya a baje ya tafi gida? Yadi ma ninke shi ake yi. Balle maza suna shigowa shagon karɓar ɗinkin matansu.

Ashe kullum sai ta ninke, da safe ta warware. Ranar ce ninkin ya yi yawa har bakin da take kamawa ya ɓuya. Na bayyana mata cewa tablo yana tuna girman da aka rufe shi da shi, haka zai buɗe gobe. In ta cika allon da shi, ta adana, ta rufe shi a haka, kullum a cike zai zo mata. Muka gwada a gabanta har ta yarda. Amma ta ce ranta bai kwanta ba. Muka daidaita a kan cewa in namiji ya shigo ta sauke murfin kwamfutar kawai.

Washegari da sassafe ta koma. Anko ya fita lafiya, ko hannun riga ba a dawo mata da shi gyara ba.

Har yau in na tuna ranar sai na ji wani sanyi a raina. Ni na koya mata inda ake dannawa, amma ban taɓa tsayawa na kalli yadda take aikinta ba. A wurina layuka ne da lambobi, a wurinta jikin mutane ne da suka yarda suka tsaya ta auna. Yanzu a ofis ni ma ina riƙe da bayanan mutane, kuma ko fitsari zan tashi sai na sauke murfi. Abokan aikina suna tsokanata wai me nake ɓoyewa. Nakan ce musu ba nawa ba ne.