Bututun Birkin da Na Sa Aka Danne

Har yau ban manta da safiyar da Abbakar ya ƙwanƙwasa mini ƙofa a unguwarmu ta Hajj Yusuf ba, yana neman aron motar da nake shirin sayar masa. Ku da kuka shigo dillancin mota kwanan nan kun sha jin ina cewa a shiga ƙarƙashin mota kafin a yabe ta. Daga wannan safiyar maganar ta samo asali.

A farkon shekarun mulkin soja ne, lokacin da fetur sai da katin rabo da dogon layi, kayan gyara kuwa sai wanda aka ciro daga jikin matacciyar mota. Na sayo wata tsohuwar boksi, wato a-kori-kura, daga hannun wani manomi a yankin Jazira. Injinta lafiya lau. Aibinta ɗaya ne: bututun ƙarfen da ke kai man birki zuwa tayoyin baya ya daɗe yana gogar shasi, ya huje, yana ɗiga.

Na kai ta warsha, wato garejin Usta Haruna, bakaniken da nake hulɗa da shi a bayan kasuwa. Ya ce a canza bututun. Na ce ba ni da lokacin yawon nema, ya danne shi kawai. Ga wanda bai san aikin ba: ana lanƙwasa bututun kafin inda ya huje, a buge shi da guduma har ya toshe. Mai ya daina zuba, feda ta yi tauri a ƙafa, amma tayoyin baya ba su da birki ko kaɗan. Boksi in ba kaya a bayanta, birkin gaba ya ishe ta, mai gwaji ba zai ji komai ba. Sai ranar da aka loda ta.

"Ya Haj, wannan ba gyara ba ne," in ji Usta.

"Na sani. Wanda ya saya ya gyara."

"Za ka gaya masa?"

"In ya tambaya."

Ya dube ni, ya ɗauki guduma.

Abbakar maƙwabcina ne, albasa yake sarowa yana kai wa 'yan kasuwa. Ya gwada motar ba kowa a baya, ya taka birki ta tsaya cak, ya ce ma sha Allah. Bai tambaya ba, ban faɗa ba. A dalala, inda ake cinikin motoci, ƙa'idar kowa ya san ta: da zarar an tafa hannu, mota ta tafi da aibinta. Mun tsaida ranar Alhamis za mu tafa hannu.

Ranar Talata ce ya zo, rana ba ta gama fitowa ba. Surukinsa Baba Garba ya rasu bayan asuba, kuma ya bar wasiyya a binne shi a Omdurman, kusa da matarsa. A unguwarmu ba a hana boksi ranar jana'iza. Ko ba kwa magana da mutum, makulli za ka miƙa. Ana ɗora gawa a kan angareb, gadon nan na igiya, a sa a baya, maza kamar goma sha biyar su tsaya kewaye da ita suna riƙe da ƙarfe. Ɗaya boksin ta unguwa tun jiya tana layin mai a garin Bahri. Tawa ce kaɗai mai fetur a tanki, don na cika ta saboda gwajin Abbakar.

Na yi masa gaisuwa, hannuna na cikin aljihu a kan makulli. Abin da nake gani shi ne gangarar gadar Shambat ta ɓangaren Omdurman, inda keken jaki da motocin haya ke tsayawa ba sanarwa, da nauyin mutum goma sha biyar yana turo ni daga baya. Na yi tunanin in ce batir ya mutu. Na yi tunanin in tuƙa da kaina a hankali, in yi shiru. Ba zan ɓoye muku ba, wannan na biyun na daɗe a kansa.

"Abbakar," na ce, "motar nan ba ta da birkin baya."

"Jiya-jiya na taka ta, ya Haj."

"Ba kaya ka taka ta. Bututun baya a danne yake. Ni na sa aka danne."

Ya juya ya dubi motar. Mutum ne mai loda buhu, nan take ya fahimci abin da hakan ke nufi gare shi ranar Juma'a, washegarin cinikin, da albasa har sama.

"To," ya ce. "Yanzu dai gawa na jira."

Ana wanka da ɗinkin likkafani, muka kai motar warsha ni da shi. Usta ya ji bayani, ya ajiye kofin shayinsa.

"Ashe yau ka sami lokaci, ya Haj."

Na cancanci wannan baƙar maganar.

Wani da ke zaune a wurin ya ce a sa bututun jan ƙarfe na firiji, minti ashirin an gama. Usta ya ce ba a warsharsa ba; jan ƙarfe girgizar hanya na tsage shi, kuma ba ya sallama kafin ya fashe. Akwai wata boksi da ta yi hatsari ana ciro kayanta a bayan fili. Ya shiga ƙarƙashinta, ya kwance bututun, ya goge shi, ya bi shi da yatsa daga baki zuwa baki yana neman tsatsa, ya hura ya ji iska na fita. Wani noti a tawa motar ya cije, sai da ya jiƙa shi da kananzir ya yi ta lallashi. Ni ina riƙe da kayan aiki ina kallon rana tana hawa. Da ya ɗaura sabon, sai ya saka guntun roba a inda tsohon ya gogi shasi.

Saura fitar da iska. Wannan aikin mutum biyu ne: ɗaya a kujera yana taka feda, ɗaya a ƙasa yana buɗe ɗan notin da ke bayan taya har kumfa ta ƙare, mai ya fito tsantsa. Na nufi ƙofar direba, Abbakar ya riga ni.

"Bari ni in taka. Ina so in ji da ƙafata."

Haka suka yi, taya bayan taya. "Taka! Taka! Riƙe!" in ji Usta daga ƙasa. "Na riƙe," in ji Abbakar. Ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba.

Da aka gama, Usta bai yarda mu tafi ba. Ya kira mutanen da ke zaune wurin mai shayi, ya ce don Allah su hau baya, jana'iza ce. Suka hau da jallabiyoyinsu, ya ja motar zuwa ƙarshen layi ya taka. Tayoyin baya suka ja ƙasa, suka bar layi biyu a turɓaya. Sannan ya miƙo makulli.

Mun ɗauki Baba Garba kafin azahar. A gangarar gada wani keken jaki mai ɗauke da ganga ya tsaya a gabana. Na taka, motar ta tsaya. Shi ke nan abin da ya faru. Mutanen baya ba su ma katse salatinsu ba. Abbakar da ke gefena ne kawai ya juyo ya dube ni, ya mai da kansa hanya.

Bayan an tashi daga zaman makoki na je na ce masa motar tana nan, a gyare.

"Motar ta gyaru, ya Haj," ya ce. "Ni da kai ne sai a hankali."

Bai saya ba. Wurin wani ya je, ya sayi wadda ba ta kai tawa ba, kuma bai gaya wa kowa dalili ba. Sai bayan kusan shekara biyu ya kawo mini ƙanensa yana neman mota. A gabana ya ce masa, "Wannan in an matsa masa yana faɗin gaskiya. Amma dai ka shiga ƙarƙashi ka duba."

Abin da na koya kaɗan ne. Ƙa'idar dalala ta ce in bai tambaya ba, ba laifinka ba ne, kuma na ci abinci da ita shekaru. Amma mai saye ba ya tambayar abin da bai san ana yi ba, mu ne muka sani. Kuma motar da ka sayar ba ta barin gari. Wata rana ita za ta tsaya a ƙofar gidanku, a ɗora naka a baya. Tun daga lokacin ba na gwada boksi fanko. Shi ya sa kuke gani ina tara ku ku hau baya kuna gunaguni kafin a tafa hannu da kowa. Ku yi ta gunagunin, amma ku hau.